Yadda nake koya wa yaran shagona mu'amala da mutane

Kayan noma nake sayarwa a Birnin Kebbi: taki, iri, maganin feshi, injin ban ruwa da tiyo. Ina da ɗan reshe a Argungu. Idan aka haɗa da masu lodi, mutum 9 ke cin abinci a ƙarƙashina. Ni ma da yaron shago na fara, a kasuwar Jega, wajen wani kawuna, shekaru kaɗan bayan an cire jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991.

Abin da ya sa na fara zaunar da yarana ina koya musu magana da mutane, wani dattijo ne daga wajen Ambursa. Ana tsakiyar noman rani ya zo shago ba na nan, ya ce yana son maganin ciyawa. Yaron da ke kan kanta ya miƙa hannu ya ɗauko masa kwalba biyu na gilifoset, ya karɓi kuɗi, ya koma kan wayarsa. Shi kuwa gilifoset ba ya barin komai kore, shi ya sa ake fesa shi kafin shuka. Dattijon nan shinkafarsa ta yi mako uku da dashe. Abin da yake buƙata shi ne irin su furofanil da 2,4-D, masu kashe ciyawa su bar shinkafa tsaye.

Bayan kamar kwana goma ya dawo, ya tarar da ni. Bai ɗaga murya ba. Ya kwance wata baƙar leda, ya zazzage damin shinkafa a kan kanta, ganyen ya yi rawaya ya lanƙwashe, saiwar da sauran laka a jikinta. Ya ce, "Alhaji, ga shinkafata." Har yau ina jin nauyin maganar nan.

Na biya abin da zan iya biya, na nema masa wani dashen, na ɗauki nauyin mansa na ban ruwa. Da na natsu sai na ga yaron ya san bambancin magungunan nan sarai, don shekararsa biyu tare da ni. Tambaya ɗaya ce bai yi ba: "Baba, ka riga ka dasa, ko yanzu za ka gyara gona?" Ni kuma ban taɓa ce masa ya riƙa yin ta ba. Iyakar abin da nake faɗa kullum shi ne, "Ku kula da mutane." Wannan kuwa ba ya gaya wa yaro abin da zai yi da bakinsa da hannunsa idan mutum ya tsaya a gabansa.

Abokaina 'yan kasuwa sukan ce mini hali zanen dutse ne, wanda bai zo da ladabi daga gida ba, ba a shago zai same shi ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Ba ni da ikon sauya zuciyar kowa. Sai dai miƙewa tsaye idan babba ya shigo, da yin tambaya kafin a ɗauko kaya, da ƙirga canji a fili, duk aiki ne da ake koya kamar yadda ake koyon ɗaure buhu. Ga yadda nake yi.

Zaman Asabar

Kowace Asabar muna haɗuwa da ƙarfe 7:30 na safe, kafin a ɗaga ƙofa. Minti 20 ne, in ya yi tsawo 30. Shayi da ƙosai a wuyana, kuma lokacin yana cikin lokacin aiki, ba na cire wa kowa komai. Na gwada yin zaman da yamma bayan an tashi, ban ga amfaninsa ba, kowa ya gaji hankalinsa na gida. Masu lodi ma suna zama, don su ne na ƙarshe da manomi ke gani kafin ya bar wurin.

Abu ɗaya ake ɗauka a mako. In ka jero wa yaro abu goma a zama guda, da ɗaya ma ba zai tashi ba. Kuma ba wa'azi nake yi ba. Nakan fita waje, in dawo a matsayin mai saye, yaro ɗaya ya tarbe ni sauran suna kallo. Wata rana in zo a manomin da ba ya ji sosai, wata rana a dillali mai gaggawa, wata rana a tsohuwar da ta zo sayen irin alayyafo na naira 200. In mun gama sai in tambayi sauran, "Me kuka gani?" Su suke fara faɗa kafin ni. Sai a sake, har sau biyu ko uku, sai maganar ta zauna a bakin yaron.

Makon farko dariya za su yi ta yi, wasu su ji kunya. Ka bar su su yi dariyar, kai dai kada ka fasa. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce in fara tsayawa a bayan kanta ni da kaina, in sa ƙaramin cikinsu ya zo a mai saye ya wahalar da ni yadda ya ga dama. Da zarar sun ga mai gida ma ana gwada shi, kunyar ta tafi.

Da gaisuwa muka fara. A da, mutum na shigowa abin da zai ji shi ne, "Mi kaka so?" ba tare da an ɗago kai ba. Yanzu an san tsarin: waya ta shiga aljihu, a miƙe, a amsa sallama cikakkiya, a kira mutum da abin da ya dace da shekarunsa. Dattijo Baba ne, dattijuwa Inna ce ko Hajiya, tsara Malam ne, yaro kuma ƙanena. "Sannu da zuwa Baba, ya hanya, ya aikin gona?" Bai fi numfashi biyu ba. Muna samun Zabarmawa daga wajen Kamba da Fulani daga rugage, don haka kowane yaro ya iya cewa "fofo" da "jam", ko da iyakar abin da ya sani ke nan. Sai ka ga fuskar mutum ta saki nan take. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Ina ja musu kunne sosai a kan auna mutum da rigarsa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Banki a nan Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, aka kuma buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, mutumin da ya shigo da takalmin roba da laka har gwiwa yana iya zama shi ne mai ɗaukar buhu 40 na yuriya. Amma ba na so su gaishe shi don ƙila yana da kuɗi. Mai sayen mudu ɗaya na taki ma gaisuwar da zai samu ke nan, don shi ma guminsa ya kawo.

In shago ya cika, wanda ya shigo daga baya ba ya tsayawa kamar ba a gan shi ba. Ana ce masa, "Baba, ga benci, yanzu zan zo gare ka." Bi da bi ake sallamar mutane. In za a tsallake layi saboda tsoho ko mace mai goyo, a nemi izini a fili: "Jama'a, a yi haƙuri in sallami Inna tukuna." Ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba.

Tambaya kafin a taɓa kaya

Wannan ne darasin da na fi daɗewa a kansa, kuma duk bayan 'yan watanni sai mun maimaita. A shagona ba a ɗauko maganin feshi sai an yi tambaya uku: me ka shuka, kwanansa nawa, me kake gani a gonar? Bayan nan yaro ya maimaita abin da ya ji: "Wato Baba, shinkafa ce, mako uku da dashe, ciyawa ta taso a tsakani. Haka ne?" Sai mutum ya ce haka ne sannan a miƙa hannu. Maimaitawar nan tana kama kuskure fiye da yadda kake zato, musamman da manomin da ya kira magani da launin kwalba, ya ce maka "mai jan murfin nan".

Kafin ya tafi kuma a gaya masa awon da zai zuba a jarkar feshi, a tambaye shi tukuna ko tasa mai lita 16 ce ko 20, a nuna masa ranar ƙarewar maganin da lambar NAFDAC a jikin kwalba. Da yawa ba sa karanta boko, don haka faɗa da baki wajibi ne.

Kowace sana'a tana da nata tambayoyin, kai mai gida kai za ka zauna ka fitar da su daga kurakuran da aka taɓa yi a wurinka. Tela ya tambayi ranar da ake buƙatar ɗinki, ya faɗi gaskiyar ranar da zai gama. Mai kemis ya tambayi wa zai sha maganin, shekarunsa nawa, ko yana shan wani. Mai gyaran waya ya tambayi ko ta taɓa shiga ruwa, ya kuma faɗi kuɗin aiki kafin ya kwance ta. Rubuta uku kawai, da manyan haruffa, ka manna a inda yaro ke tsayawa.

Akwai kalma biyu da yara ke tsoron faɗa. Ta farko "ban sani ba". Yaro yana ganin in ya faɗe ta ya zubar da kansa, sai ya ƙirƙiro amsa. Na koya musu su ce, "Ban sani ba Baba, amma bari in kira mai gida yanzu," kuma duk wanda ya kira ni don wannan ba na nuna masa gajiya, ko ina cin abinci. Ta biyu "babu". Ba a cewa babu a yi shiru. A ce, "Ya ƙare mana, sai jibi. In da gaggawa ne, shago na uku daga nan suna da shi." Wasu suna ganin wauta ce tura ciniki ga maƙwabci. Ni abin da na gani, mutumin yana dawowa, maƙwabcin ma yana ramawa.

Tayi da kuɗi

Tayi ba zagi ba ne, amma yaro sabo yakan ji shi kamar zagi. Ka ce kaya naira 12,000, mutum ya taya 7,000, sai ka ji tsaki. A shagona tsaki haramun ne, haka ma "je ka gaba", da "in za ka saya ka saya", da "ba ka shirya ba". Abin da ake cewa, da sakin fuska, "Albarka Baba, a ƙara dai." In mutum ya kasa, a nuna masa ƙaramar kwalba ko rabin awo, kada ya fita yana jin an raina aljihunsa.

Kai kuma mai gida, gaya wa yaro iyakar inda zai iya sauka a kowane kaya. Wanda bai san iyakarsa ba, ko dai ya ƙeƙashe ko ya yi ƙarya. Rantsuwa ma na hana, irin su "wallahi ko ni ban sayo haka ba". Hadisi ya inganta cewa rantsuwa tana sayar da kaya amma tana shafe albarka, kuma na karanta musu shi tun zaman farko. Haka nan dattijon da ya gani da idonsa an nuna masa buhun da ya sha danshi an rage masa kuɗi, ba a tura shi ƙarƙashin lodi ba: wannan mutumin ya zama naka.

Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, manoman rani suna zuwa da zafi a ransu, don injin ban ruwa mai yake sha kullum. Mutum zai tsaya ya zazzage wa yaro fushin tsadar rayuwa gaba ɗaya. Na ce musu kada su shiga gardamar siyasa, kada kuma su ce "ba ni na kawo tsadar ba". Su ce, "Haka ne Baba, abin ya yi nauyi. Bari mu ga abin da kuɗin nan zai iya yi." Sai a zauna a lissafa tare.

Kuɗin hannu a gaban mai shi ake ƙirga su, da murya, canji ma haka, a sa masa a hannun dama. Taransfa kuwa, tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ta zama ruwan dare, kuma da ita alat na bogi ya yawaita. Dokar ita ce kaya ba sa fita sai kuɗi sun shigo asusun shago. Wahalar tana wajen faɗa wa mutumin kirki wannan ba tare da ya ji an mai da shi ɓarawo ba. Na rubuta dokar na manna a bango, don yaro ya samu abin nunawa: "Alhaji, a ɗan zauna, sabis ne. Dokar shago ce ga kowa, har 'yan uwan mai gida." A kawo masa ruwa, a fara ɗaure masa kayan yana gani. Kuma in ka kafa dokar, kada kai ka karya ta don abokinka ya zo, in ba haka ba gobe yaro ba shi da bakin magana.

Bashi ba hurumin yaro ba ne, ni kaɗai ke bayarwa. Amma yadda ake amsa mai neman bashi na koya musu shi da kyau, don ba ƙaramin nauyi magidanci ke haɗiyewa ba kafin ya buɗe baki. A ja shi gefe, a rage murya: "Baba, wannan sai mai gida, bari in haɗa ku." Ba a buɗe littafin bashi a gaban jama'a, ba a kuma tuna wa mutum tsohon bashi a gaban ɗansa.

Ɗan aike ma mai saye ne. A garinmu mata da yawa yara suke aikowa. Yaron nan shi zai kai labarin shagonka cikin gida. A rubuta masa farashi a takarda, a ƙulle masa canji a leda. Maganin feshi kuwa ba ma ba ƙaramin yaro, sai dai mu ce ya je ya turo babba, ko yaron shago ya kai da kansa in kusa ne.

Idan mutum ya zo da fushi

Nan ne ake gane ko horon ya shiga. Mun fi gwada wannan fiye da komai, musamman in azumi ya gabato ko zafin Maris da Afrilu, lokacin da rana a Birnin Kebbi ke haura digiri 40, kowa ransa a kusa.

Mutum ya shigo yana faɗa, injin da ya saya shekaranjiya ya ƙi tashi. Abin da jikin yaro zai fara ba shi shi ne ya kare kansa: "Ai lafiya lau muka ba ka." Daga nan wuta ta kama. Abin da muke maimaitawa a zaman Asabar shi ne yaro ya rufe bakinsa tukuna. Ya ba mutumin wurin zama, in zai yiwu daga ciki, nesa da idon jama'a. Ya bar shi ya faɗi duk abin da ke ransa ba katsewa, ko da a ciki akwai abin da ba daidai ba. Mai fushi in ya samu kunne, rabin fushin ya sauka. Sannan ya ba da haƙuri a kan wahalar da mutumin ya sha, wanda ba daidai yake da amsa laifi ba: "Sannu Baba, ka sha hanya, ga shuka tana jiran ruwa. Bari mu duba shi yanzu a gabanka." Sai a duba tare. In laifinmu ne, a faɗa a fili, a canza. In nasa ne, misali ya tayar da inji babu baƙin mai, a nuna masa a hankali, ba da "ai ka gani" ba.

Abu na ƙarshe shi ne alkawari mai rana. Ba a cewa "za mu duba". A ce, "Gobe kafin azahar zan kira ka," a karɓi lambarsa, a kuma kira ko da ba a gama ba.

Duk wannan ba ya yiwuwa in yaro ba shi da ikon yanke komai. Na ba kowane mai tsaron kanta izinin canza kaya ko mayar da kuɗi har naira 5,000 ba sai ya neme ni ba, ya dai rubuta a littafi. Abin da ya haura haka ya kira ni. Na ji tsoron za a cuce ni ta nan, amma abin da ke fita ta wannan ƙofa bai kai asarar mutum ɗaya da ya yi fushi ya ɗauke ƙauyensu gaba ɗaya ya kai wani shagon ba. A harkarmu manoma ƙungiya-ƙungiya suke tafiya, in ka ɓata wa ɗaya ka ɓata wa ashirin.

Akwai iyaka kuma. In mutum ya kai ga zagin iyaye ko ya ɗaga hannu, yaro ya ja da baya ya kira ni ko babban yaro. Ban ɗauki ɗan kowa aiki don a ci mutuncinsa ba, kuma na gaya musu haka a fili. Yaron da ya san mai gidansa zai tsaya masa ya fi iya haƙuri.

Tsakaninsu da juna

Rabin rigimar da ke kaiwa ga mai saye daga cikin gida take tasowa. Na safe ya yi wa wani alkawarin ajiye buhu biyar, bai gaya wa na yamma ba, aka sayar. Maganin wannan littafi ne na makaranta mai shafi 60, a ɗaure da zare a jikin kanta. Duk alkawari, duk ajiya, duk wanda aka ce za a kira, a rubuta. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya sa a rubuta masa. Mai karɓar aiki ya karanta kafin ya zauna. Salla ma da tsari ake tafiya, kashi biyu, don kada a bar shago ba kowa, kada kuma a hana kowa jam'i.

Sabon yaro ba ya tsayawa a kanta shi kaɗai sai ya yi mako biyu a gefen babba yana kallo, sannan mako biyu yana yi babba na kallonsa. Na hana manya aiken ƙanana hidimar kansu, na kuma hana kiran masu lodi da "kai". Kowa da sunansa.

A nan dole in faɗi nawa laifin. Shekaru na yi ina yi wa yara tsawa a gaban masu saye, ina ganin hakan na nuna ni mai tsare gaskiya ne. Wata rana na ji babban yarona yana yi wa wani mai lodi, wanda a shekaru ya isa ya haife shi, tsawa da kalmomina, har da yadda nake jan murya. Jikina ya yi sanyi. Tun ranar, gyara sai an watse, mu biyu, a bayan shago. In kuskure na faruwa a gabana nakan shiga a hankali in ce, "Bari in taya ka," in ƙarasa cinikin, maganar ta jira yamma. Yabo kuwa a gaban kowa nake yi, kuma ina faɗin takamaiman abin da na gani: "Na ji yadda ka tambayi Baban nan kwanan shukarsa." Yaro ya san abin da zai sake yi gobe.

Don in san ko abin na tasiri, nakan turo wanda ba su sani ba, wani ɗan uwa daga ƙauye, ya sayi ƙaramin abu ranar da ba na nan, ya dawo ya ba ni labari. Sun san ina yin haka, ban ɓoye musu ba, ranar ce kawai ba su sani ba. Ina kuma duba littafi a ƙarshen wata: kaya nawa aka dawo da su don an ba da ba daidai ba, ƙorafi nawa ya iso gare ni, alkawarin kira nawa aka cika. Wanda ya fi kowa a watan yana da ɗan ihsani a kan albashinsa.

Haƙƙinsu a kanka

Kada ka nemi fara'a a fuskar yaron da ka riƙe wa albashi mako biyu. Hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladarsa kafin guminsa ya bushe. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, kuma ko da yake dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, kyakkyawan ma'auni ne da mai shago zai duba ya ga inda yake. Abin da ka iya biya, ka biya a ranar da ka faɗa. Abincin rana, hutun rabin yini a mako, izinin zuwa suna da jana'iza ba tare da gori ba, da bayyana wa yaro tun farko yadda za a sallame shi in ya yi shekarunsa, duk suna cikin horon nan, ko da ba a zaman Asabar ake yin su ba.

Wanda wurinsa ya girma, kamar gidan mai ko otal ko asibitin kuɗi, yana iya neman taimako daga waje. Akwai hukumar ITF da aka kafa a 1971 don horar da ma'aikata, akwai kuma SMEDAN ta ƙanana da matsakaitan sana'o'i, wadda aka kafa a 2003. In kuwa mai horarwa za ku ɗauko da kuɗinku, shaguna biyar ko shida na layi ɗaya su haɗa hannu ya fi sauƙi. Sharaɗina gare shi uku ne: ya yi da Hausa, ya wuni a shago ya ga yadda ake ciniki kafin ya buɗe baki, kuma rabin lokacin ya tafi a gwaji. Takardar shaida ta yini ɗaya ba ta hana komai komawa yadda yake in mai gida bai ci gaba da bibiya a mako-mako ba.

Ba kowa ne zai iya kanta ba, wannan ma a sani. Nakan ba yaro wata uku. Yaron da ya sayar wa dattijon Ambursa gilifoset ya gyaru, shi ke riƙe da reshen Argungu yanzu, shi ke jan zaman Asabar a can. Wani kuma, ɗan wajen Bunza, mai gaskiya ne ƙwarai amma magana da mutane azaba ce gare shi, ko gaisuwa sai ya sunkuyar da kai. Mun yi gwaji har na ga ina takura masa. Na lura duk injin da aka dawo da shi, shi ke fara tsugunawa a kansa da sifana. Sai na je na samu mahaifinsa muka yi magana, na biya shi haƙƙinsa, na haɗa shi da wani bakanike a cikin gari. Yanzu duk injin ban ruwan da ya ba manomanmu matsala, rumfarsa muke tura su.